Kurosoba na cikin akwati ko na gaban ampli: amsa ga wanda ƙahonsa ke ƙonewa

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce ka haɗa akwati biyu da hannunka, kowanne da lasifika mai inci 15 da tuwita mai ƙaho, kana fita da su sono wuraren biki da wa'azi a nan cikin Maraɗi, kuma daga ƙaramar salla zuwa yau sau uku ka canja mambaran ɗin ƙaho, wato siririn faifan da ke kaɗawa a cikinsa. Kana neman shawara: ka gyara kurosoba na cikin akwati, wato abin da ke raba sauti tsakanin babbar lasifika da ƙaho, ko ka tara kuɗi ka sayi mai cin wuta da ake sawa tsakanin miksa da ampli?

Amsata a taƙaice: da akwati biyu da ampli guda, gyara na cikin akwati. Amma kada ka kunna ƙarfen dalma sai ka yi awo.

Na cikin akwati abu uku ne: kondansata, bobin (naɗin waya) da rezistans. Kondansata tana hana ƙasan sauti isa ga ƙaho, bobin yana hana saman sauti isa ga babbar lasifika. Yawancin akwatunan da ake kawo mini gyara, idan na kwance baya, kondansata ɗaya tak nake samu a liƙe jikin wayar tuwita, kuma ina kyautata zaton naka ma haka yake. Kondansata ɗaya desibel 6 kawai na ƙarfin sauti take ragewa duk lokacin da hats ɗin sautin, wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, ya sauka da rabi. A lissafi, kondansata mai maikrofarad 8 a kan ƙaho mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyarsa ga wuta) tana yanka wajen hats 2500, amma a hats 1250 ragin bai fi desibel 7 ba. Ga kuma wani abu: a daidai inda mambaran ke da nasa kaɗawar, om ɗin ƙaho yana tashi sosai, sai kondansatar ta saki hanya. Muryar mai wa'azi da bugun ganga su shiga kai tsaye. Mambaran ɗin da ya fi farce siranta ina zai iya?

Idan ka ƙara bobin bayan kondansatar, ragin ya koma desibel 12, ƙaho ya samu sauƙi. A takarda, yanka a hats 2000 kan om 8 yana son kondansata mai maikrofarad 5 da bobin mai milihenri 1.3, kuma a irin wannan haɗi galibi ana juya wayar ƙaho, ja ta koma wurin baƙa. Amma takarda ta ɗauka lasifikarka om 8 ce daga ƙasa har sama. Ba haka take ba. Sa mitar awon wuta a kanta, za ka ga wajen om 6. Idan sauti ya haura, naɗin wayar da ke cikinta yakan kai ta om 15 ko 20 kafin hats 2000. Wannan ne ya sa kurosoban da ake shigowa da su daga Kano ta hanyar Ɗan Isa, masu rubutun om 8 a jiki, suke yanka inda ba a rubuta ba. Wanda ya ƙera su bai taɓa ganin lasifikarka ba. Maganin wannan hawan tsoho ne, rezistans da kondansata a jere, a ɗora su a bakin lasifikar. Otto Zobel, injiniyan kamfanin tarho na Amurka, shi ya fito da dabarar tun shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiranta.

Sai batun ƙarfi, wanda mutanenmu suka fi sakaci da shi. Da wat guda, lasifika mai inci 15 takan ba da desibel 96 zuwa 98, ƙaho kuma yakan wuce 105. Idan ba a rage shi ba, shi ne wannan tsinin da ke sa tsofaffi su ja tabarmarsu baya. Rezistans biyu sun isa: om 5.6 a jere, om 3.9 a gicciye, ƙaho ya sauka da kimanin desibel 10. Amfaninsu biyu ne, domin suna shanye mafi yawan wutar da da mambaran zai sha, suna kuma danne tashin om ɗin nan da na ambata. Nemi farare na siminti, wat 20 ko fiye, ka ɗaga su daga jikin katako don suna zafi.

Abin da nake so da wannan hanya shi ne kayanta suna kusa. Kondansatar fankar sama, mai maikrofarad 2.5 da ke jure bolt 400 zuwa sama, ba ta da kai da gindi, kuma ta fi ƴan ƙananan nan masu ruwa a ciki da zafin watan Afrilu ke busarwa. Haɗa biyu gefe da gefe, ka samu 5. Waya mai fenti kuma tana wurin masu naɗin injin. Idan bobin biyu ne a allo guda, ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsaya, a kuma nisanta su, in ba haka ba sai su riƙa shiga aikin juna. Raunin hanyar shi ne zafi. Jan ƙarfe yana ƙara om da kusan kashi 4 cikin 100 a duk digiri 10, saboda haka bayan awa uku ana bugu, lasifikar da ka auna da safe ba ita ce a wurin ba, kuma wurin yankan ya ɗan gusa.

Na gaban ampli ba ruwansa da om, tun da yana raba sauti kafin ya zama wuta mai ƙarfi. Yawancinsu desibel 24 suke ragewa, bisa tsarin Linkwitz da Riley, injiniyoyi biyu na kamfanin Hewlett-Packard, wanda aka buga bayaninsa a 1976. Wurin yanka kuwa murɗawa ce kawai. Masu ƙwaƙwalwa irin su Behringer DCX2496 ko dbx DriveRack suna da ƙari biyu da na cikin akwati galibi ba ya yi. Na farko, suna ƙayyade iyakar ƙarfi, ko yaro ya ture miksa har ja ampli ba zai yage sauti ba, kuma yagaggen sauti yana cikin manyan masu kashe ƙaho. Na biyu, suna jinkirta lasifika ɗaya. Injin ƙaho yakan zauna can baya cikin akwati. Tazarar santimita 10 ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, amma a hats 1800 kusan rabin tsawon igiyar sautin ce, sai su biyun su riƙa kashe juna daidai wurin da muryar mutum take.

Kuɗinsa ne matsala, kuma kowace lasifika tana son nata layin ampli. Akwai dabara: ka bar sitiriyo, layi ɗaya ya ɗauki manyan biyu a om 4, ɗayan ya ɗauki ƙahonin. Wurin wa'azi ba wanda zai ji bambanci. Sai dai haɗarinsa yana wurin hannu. Ni kaina na taɓa rasa ƙaho biyu a daƙiƙa ɗaya wurin wani ɗaurin aure, yaron da ke taimaka mini ya musanya wayoyi cikin duhu, bas ya shiga ƙaho. Na ji "fat", shi ke nan. Haka idan gurup, wato janareta, ya mutu ya tashi, bugun da ke fitowa ba abin da ke tare shi. Tun ranar ba na haɗa ƙaho da ampli sai da kondansata mai maikrofarad 33 a tsakani.

Yanzu awo, wanda ko wanne ka zaɓa ba ka da mafita daga gare shi. Kunne yana yaudara, musamman kunnen mai sono da ya kwana kusa da akwati. Manhajar awon sauti ta REW kyauta ce a kwamfuta. Makirfon awo irin UMIK-1 ana soka shi a USB, ECM8000 kuma sai da miksa mai ba da bolt 48. Idan ya yi maka tsada, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, abu ne da ba kullum ake amfani da shi ba. Kada ka auna a shago, kwano da bango za su cika maka zanen da amsa-kuwwa. Fita fili bayan sallar asuba, kafin kabu-kabu su fara kuma kafin iska ta tashi. Ɗora akwatin a kan durom ko sanda, ƙaho ya kai mita ɗaya da rabi daga ƙasa, makirfo mita ɗaya a gabansa. A wannan tsayi, sautin da ya bugi ƙasa ya dawo yana makara da kusan milisakan 6, sai ka gaya wa manhajar ta yanke duk abin da ya zo bayan haka. Auna babbar ita kaɗai, sannan ƙaho shi kaɗai da kondansatar kariya da ƙaramin ƙarfi, ba tare da ka motsa makirfo ba.

Om kuma ko da mita da rezistans mai om 10 za ka auna shi. Jera rezistans da lasifika, saki sauti guda daga wayar salula, auna bolt a kan kowanne, raba na lasifika da na rezistans, ka ninka da 10. Yi haka a hats 1000, 1500, 2000 da 3000.

Zanen zai nuna maka abin da ke tsakanin waɗannan lasifiku biyu. Mai inci 15 daga wajen hats 1000 take fara harba sauti gaba kawai, na gefe ba su samu, ƙaho mai wuyan inci 1 kuma galibi ba ya son a sauko da shi ƙasa da 1500. Saboda haka wurin yankanka yana tsakanin 1500 da 2000, ka duba takardar ƙahonka don iyakarsa. Zuba awon a manhajar VituixCAD, ita ma kyauta ce, ka yi ta canja kondansata da bobin a allo kafin ka yanke waya ko taƙi guda. Idan ka gama haɗawa, juya wayar ƙaho ka sake aunawa. In rami mai zurfi ya bayyana daidai wurin yanka, haɗin farko daidai ne, mayar da ita yadda take.

Ranar da ka ƙara akwatunan bas masu inci 18, a nan ne na gaban ampli ya zama dole. Yanka a hats 100 da bobin yana son fiye da milihenri 12, naɗi mai nauyi da tsada da ke cin ƙarfin ampli. Sai na wuta ya raba bas da akwatunan sama, na cikin akwati ya ci gaba da aikinsa.

Kafin nan, kwance bayan akwati ɗaya yau ka gaya mini lambar da ke jikin kondansatar da sunan da ke bayan ƙahon. Ka kuma sa mita a bakinsa. Idan mita ba ta nuna komai ba alhali yana ƙara, fiyezo ne, wato irin tuwitar da ba ta da naɗin waya a ciki, kuma duk lissafin da na yi maka a sama bai hau kansa ba.