Gargaɗi ga masunta: a guji garin ajiye tana da ake yawo da shi a kasuwanni

Assalamu alaikum 'yan'uwa masunta, musamman na bakin kogin Haɗeja, tun daga Ringim har Auyo da Guri.

Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin ƙauye a kan babur, yana sayar da wani gari ƙulle a leda, wai garin ajiye tana ne daga ƙasar Sin. Cewa yake in ka zuba shi a roba ka yayyafa ruwa, tanarka za ta yi wata uku da ranta, ba ƙasa, ba laka, ba wari. Ni ya ci kuɗina, ya kuma kashe min koton da na sha wuyar haƙowa, shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba.

Ya san inda ke mana ƙaiƙayi. Da damina ko a bayan gida ka sara fartanya za ka samu tana. Amma daga Maris zuwa Mayu ƙasa ta ƙeƙashe, tana ta nutse can ƙasa, sai ka dangana da bakin fadama ko gefen lambun masu noman rani kafin ka cika gwangwani ɗaya. Ga zafin da kan haura digiri 40, tanar da ka haƙo da asuba kafin azahar ta yi laushi. Ga laka a hannu, a riga, a jaka. To wa zai ji labarin abin da zai raba shi da wannan wahala bai tsaya ba?

Da na isa wurinsa mutane sun kewaye shi. Ya buɗe wata farar roba, sai ga tana jajaye, tsaf-tsaf, suna ta mutsu-mutsu a saman garin. Kawuna yana gefena, mutumin da ya tsufa a kan ruwa. Mai sayar da garin ya miƙa masa robar ya ce, "Baba, duba ka gani, satinsu shida a ciki." Kawu ya leƙa, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, tana mai lafiya nutsewa take yi ta ɓuya daga haske. Wannan birgimar ta azaba ce." Ban ji ba. Na sayi ƙulli uku, kowanne naira 1,500. Ya ja kunnena in rufe murfi ruf don kada ƙarfin maganin ya fita.

Da yamma na wanke tanar da na haƙo domin kamun tarwaɗa, na zuba su ciki kamar yadda ya ce. Da asuba ina ɗaga murfin wari ya buge ni. Duk sun mutu, sun yamutse, wasu sun narke sun zama yauƙi. Ko ɗaya ban samu ta sa wa a ƙugiya ba.

Sai na baza ragowar garin a faifai. Garin katako ne irin na wurin kafintoci, an rina shi da kala, ga wasu fararen ƙwayoyi a ciki. Na jiƙa kaɗan a ruwa na taɓa a harshe, gishiri ne. A nan na gane maganar Kawu. Gishirin ne ke sa tanar birgima a gaban masu saye, mu kuma muna ɗauka ƙarfi ne. Daga baya wani yaro a ƙauyenmu ya faɗa cewa mutumin ya ba shi kuɗi ya haƙo masa tana da safiyar ranar kasuwar. Sati shidan da ya faɗa ko awa shida ba su kai ba. Lambar wayar da ke jikin ledar kuwa a kashe take har yau. Mu uku ya yi wa haka a garinmu, kuma yanzu an fara turo hoton garin ta WhatsApp ana neman a tura kuɗi tukuna don a zama dila. Kada wanda ya tura ko sisi.

Tana ba ta da huhu, ta fatarta take shaƙar iska, kuma sai fatar na da danshi. Gishiri na zuƙe ruwan jikinta, rufe murfi ba huda na shaƙe ta, zafi kuma na ƙarasa ta. Duk abin da ya ce a yi, hanyar kashe ta ce.

Abin da ya fi min ciwo, ajiye tana ba tare da laka ba abu ne mai yiwuwa, kuma ba ya cin ko kwabo. Kawu ne ya nuna min. Ka samu kwali marar maiƙo kuma marar leda a jikinsa, ka yayyaga shi ƙanana, ka jiƙa da ruwan rijiya ko na kogi, ka matse shi har sai ɗigo ɗaya ko biyu ke fita. Ka wargaza shi a tukunyar ƙasa, ka haɗa da ruɓaɓɓen ganye, ka zuba tanar, ka rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka ajiye a gindin randa inda sanyi yake. Abincinsu ɗan barbaɗen dusa ne a sama, kaɗan, don in ta yi yawa tsami take yi. Kullum ka duba ka tsince wadda ta mutu, domin ita ke ɓata sauran. Kada ka sa ɗanyen kashin kaji ko takin zamani. Tawa yau kwananta goma sha biyu a haka, kuma in ka ɗauko ta fes take, hannunka ba ya ɓaci.

In ya ɓullo a kasuwarku, kada a taɓa shi, kada a ɗauki doka a hannu. A ce masa ya bar robar da tanarsa a hannun sarkin ruwa ta kwana, gobe a buɗe a gaban jama'a, kuma a sanar da sarkin kasuwa tun bai tashi babur ɗinsa ba. Ku tura wannan ga duk mai fatsa da kuka sani.