Sharhi Kan Kayan Haɗa Allon Zamiya Mai Lantarki: Gudu Ya Samu, Birki Ne Abin Dubawa

Kayan da nake wannan sharhi a kansu ana sayar da su ne a dunƙule ga wanda yake so ya mayar da dogon allon zamiya na yau da kullum, wato katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake tsayawa a kai ana tafiya, ya zama mai tafiya da lantarki, kuma da su na haɗa allona na farko. A cikin kwalin akwai inji guda ɗaya samfurin 6374 (lambar tana nuna girmansa ne), da ƙarfen da ake ɗaure shi da shi, da bel mai haƙora tare da fulinsa biyu, wato faifai masu haƙora da bel ɗin ke zagayawa a kansu, da tayoyi huɗu masu faɗin milimita 90 daga baki zuwa baki, da na'urar sarrafa inji irin ta VESC, da rimot na hannu, da batir da cajarsa, sai kuma akwatin roba da ake rufe kayan wutar a ciki a ƙarƙashin allon. Allon kansa da ƙarafan da ke riƙe tayoyi ba sa ciki, mutum ne zai nemo nasa. Mai sayarwa ya rubuta a tallarsa cewa kayan sun cika kuma sun dace da sabon shiga. Na yarda da rabin farko na wannan magana, amma rabi na biyu yana bukatar gyara, domin abin da ya fi muhimmanci a aikin, wato yadda allon zai tsaya bayan ya ɗauki gudu, an bar wa mai saye ne ya gano da kansa.

Aikin ƙarfe shi ne mafi sauƙi, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Ana zura maɗaurin inji a jikin ƙarfen tayoyin baya, a ɗaura babban fuli a jikin taya, ƙaramin a bakin injin, sannan a zagaya bel a daidaita shi har ya zamana ba ya gogar gefe. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana zai gama wannan ba tare da wahala ba. Abu ɗaya da ya kamata a sani shi ne ƙananan sukurorin da ke matse maɗaurin ba sa jure girgizar hanya in an ɗaura su haka nan, saboda haka dole ne a ɗiga musu gam ɗin kulle sukuru, irin shuɗin nan da ake iya kwancewa daga baya, a bar shi ya bushe kwana guda kafin a hau. Babu wannan gam a cikin kwalin, kuma takardar bayani ba ta ambace shi ba. Maɗaurin da ya saki yakan sunkuyo a hankali har gindin injin ya fara kartar ƙasa, kuma mai tuƙi ba zai lura ba sai ya ji ƙarar.

Game da gudu kuwa, lissafin a bayyane yake, kuma yana da kyau mai saye ya yi shi da kansa kafin ya gaskata abin da ke kan talla. Injin yana da lamba 190KV, ma'ana yana juyawa sau 190 a minti ɗaya a kan kowane volt da aka ba shi idan babu nauyi a kansa. Batirin yana ba da volt 36 a matsakaicin hali, saboda haka injin zai kai juyi 6,840 a minti. Ƙaramin fuli yana da haƙora 15, babban yana da 36, wato sai inji ya juya sau 2.4 kafin taya ta juya sau ɗaya, abin da ya bar taya da juyi 2,850 a minti. Tayar milimita 90 tana cin kimanin santimita 28 a kowane juyi, don haka a takarda allon zai yi kilomita 48 a awa. Da mutum a kai, ga iska ga gogayyar bel da boris, abin da ake samu yana kusa da kilomita 40. Wannan gudu ne mai yawan gaske ga wanda yake tsaye a kan katako ba tare da abin riƙewa ba, kuma ni kaina na rage shi a manhajar na'urar sarrafa inji zuwa ƙasa da haka sosai. A nan kayan sun cika alkawari, har ma sun yi wa sabon shiga yawa.

Na'urar sarrafa injin ita ce ta fi burge ni, kuma ita ce ta fi cin lokaci. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Benjamin Vedder ne ya ƙirƙiro tsarin VESC, ya kuma bar zanensa da manhajarsa a buɗe, shi ya sa kamfanoni da dama suke ƙera tasu a kan wannan tsari, ciki har da wadda ta zo a kwalina. Ana haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB, a buɗe manhajar VESC Tool, a ɗaga tayoyin daga ƙasa, a cire bel, sannan a umarce ta ta auna injin. A wannan lokaci injin yakan yi wata tsuwa mai kaifi, ya ɗan yi karkarwa a wuri guda, sannan ya juya a hankali na 'yan daƙiƙoƙi ya tsaya, lambobi su cika allon kwamfutar. Daga nan na'urar ta san injin da take tuƙawa. Na zaɓi tsarin tuƙi da ake kira FOC, wanda ke sa injin ya yi aiki shiru ba tare da kuka ba, kuma da yake injin yana da na'urorin da ke sanar da matsayin juyinsa, allon yana tashi daga tsaye lami lafiya ba tare da fizga ba. Bambancin da ke tsakanin wannan da na'urori masu arha waɗanda ba a iya sauya musu komai yana da girma, domin a nan mutum ne yake faɗin iyakar wutar da inji zai sha, da iyakar wadda za a ja daga batir, da ƙarfin birki, da matakin da allon zai fara rage ƙarfi idan caji ya yi ƙasa. Na sa nawa ya fara ragewa a volt 34, ya yanke a volt 31, don kada ƙwayoyin batirin su zube fiye da kima.

Sai dai wannan 'yanci shi ne kuma inda haɗarin yake, kuma a nan ne nake ganin mai sayarwa ya gaza. Birkin irin wannan allo ba na gogayya ba ne kamar na keke. Idan aka ja rimot baya, injin ne yake komawa janareta, ya riƙe taya ta hanyar tura wuta zuwa cikin batir. Ma'anar wannan ita ce birkin yana aiki ne muddin batirin yana da wurin karɓar wutar. Batirin nawa ƙwayoyi 30 ne samfurin 18650, goma a jere sahu uku, kowace ƙwaya tana cika a volt 4.2, jimilla volt 42. Wanda ya cire allonsa daga caja yana cike fal, ya fara tafiyarsa da gangare mai tsawo, to yana tura wuta ne cikin tulun da ya riga ya cika. Ƙarfin wutar zai haura iyaka, kuma ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko na'urar sarrafa inji ta kare kanta ta daina aiki na ɗan lokaci, ko na'urar kare batir da ake kira BMS ta yanke layin gaba ɗaya. Ko wanne ya faru, sakamakon ɗaya ne, wato mutum yana kan gangare yana ja rimot baya amma babu abin da ke riƙe shi. Wannan sananniyar matsala ce ga duk masu haɗa irin waɗannan alluna, kuma layi biyu a takardar bayani sun isa su gargaɗi mai saye, amma ba a rubuta ba.

Akwai wani ɓangare na wannan batu da ya shafi lambobin da ake sakawa a manhaja. Ƙwayoyin da ke cikin batirina kowace tana iya fitar da amfiya 15, amma ba ta karɓar fiye da amfiya 4 idan ana cajinta. A sahu uku ke nan batirin yana ba da amfiya 45, yana karɓar 12 kacal. Idan aka sa iyakar wutar da birki ke mayarwa ta yi ƙasa ainun, birkin zai yi laushi a lokacin da ake tsananin gudu, wato daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Idan kuma aka ɗaga ta sosai, ƙwayoyin za su sha wahala su tsufa da wuri. Dole mutum ya nemo takardar bayanin ƙwayoyinsa ya karanta, sannan ya gwada a fili shimfiɗaɗɗe yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Abin da na yi a ƙarshe shi ne na mayar da BMS ta kula da caji kawai, na sa fiyus a babban layin wuta, na bar wa VESC aikin kare batir daga zubewa, kuma ba na fara tafiya da gangare sai na ɗan ci cajin a kan hanya miƙaƙƙiya. Wannan tsari ne da masu haɗawa da yawa suke bi, domin sun gwammace batir ya ɗan wahala da a ce wuta ta yanke alhali mutum yana tsakiyar gudu.

Inji ɗaya ma yana da nasa iyaka a wajen tsayawa. Taya guda ce take ja, ita kaɗai ce kuma take birki, saboda haka idan aka ja da ƙarfi a kan kwalta mai yashi sai ta kulle ta riƙa ja da ƙasa, ta bar baƙin layi siriri a baya, allon kuma ya ci gaba da tafiya yana ɗan karkata gefe. Mayar da nauyin jiki kan ƙafar baya yana taimakawa, amma ba ya kawar da matsalar. Bel ɗin kuma idan bai matsu daidai ba yakan tsallake haƙora da ƙarar ƙas-ƙas a lokacin birki mai ƙarfi, wanda ke nufin ƙarfin riƙon yana zubewa. Bel mai faɗin milimita 15 ya fi na 12 da ya zo a kwalin dacewa da allo mai inji ɗaya. Duk wanda zai hau irin wannan allo ya kamata ya iya tsayar da shi da tafin ƙafa tun kafin ya ɗaura masa inji, ya kuma sa hular kwano a kowace fita.

Rimot ɗin yana aiki a kan zangon gigahaz 2.4, yana zama daidai a hannu, kuma totur ɗinsa yana da laushin da ke ba da damar ƙara gudu sannu a hankali. Kafin a hau, wajibi ne a ɗaga tayoyi sama, a ba da wuta, sannan a kashe rimot ɗin ana cikin haka a ga abin da zai faru. Injin ya kamata ya saki nan take ya koma juyin banza. Nawa ya yi hakan, kuma wannan gwaji na minti ɗaya ya fi duk wani yabo da za a karanta a talla.

Batirin yana ɗauke da wat-awa 324, wato ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa, abin da ke kai ni sama da kilomita 20 a hanya mai kyau idan ban matsa masa ba, ya ragu sosai idan akwai hawa ko iska tana gaba. Wanda yake tunanin tafiya da allonsa a jirgin sama ya cire rai, domin ƙa'idar kamfanonin jirage ta tsaya ne a wat-awa 100, ko 160 da izini na musamman. Da na buɗe rigar batirin don sauya haɗin BMS, na tarar an yi waldar ɗigo a kan ƙarafan nikel da kyau, an kuma sa takardar kariya a kan kowace ƙwaya, abin da ya kwantar mini da hankali, tun da girgiza ce babbar abokiyar gabar batirin da ke tafiya santimita kaɗan daga ƙasa. Makunnin wutar kuwa na sauya shi da fulogin XT90-S wanda ke hana tartsatsi, domin ya fi sauƙi kuma babu abin da zai ƙone a cikinsa cikin gaggawa. Akwatin robar shi ne mafi rauni a cikin kayan duka: bakinsa ba ya manne wa allo sosai, ƙura tana shiga, kuma sai da na zagaye shi da soso mai gam na shimfiɗa wani a ciki kafin kayan su daina motsi. Yana kuma bukatar allo mai tauri, domin allo mai lanƙwasa zai riƙa matse batirin a duk lokacin da aka taka rami.

Ana iya tambaya ko bai fi sauƙi mutum ya sayi allon da aka gama haɗawa ba. Ya fi sauƙi ƙwarai, kuma wanda abin hawa kawai yake nema shawarar da zan ba shi ke nan. Amma lokacin da kamfanin Boosted, wanda ya yi suna a wannan fage, ya durƙushe a shekarar 2020, masu allunansa sun koma neman kayan gyara da batir a hannun wasu, tun da kayan nasa na musamman ne. Allon da aka haɗa da hannu ba ya shiga wannan hali, domin bel ɗinsa samfurin HTD 5M ne da ake samu a ko'ina, ƙwayoyin batirinsa gama-gari ne, na'urar sarrafa injinsa kuma ana iya maye gurbinta da ta kowane kamfani da ke bin tsarin VESC. Ga mai haƙurin karatu da gwaji, wanda ya iya amfani da mitar auna wuta da dalmar haɗa wayoyi, waɗannan kaya tushe ne mai kyau. Abin da zan ƙara wa nawa nan gaba shi ne inji na biyu a ɗaya tayar bayan, tare da wata VESC da za a haɗa da ta farko ta layin CAN, wato wayar da na'urorin biyu ke sadarwa ta cikinta, domin birkin ya rabu a kan tayoyi biyu. Hakan zai bukaci ƙarfen taya mai faɗi fiye da wanda nake da shi, tun da injina biyu samfurin 6374 ba za su zauna gefe da gefe a kan gajeren ƙarfe ba.