Cokalin Baba da sauran kayan da 'yan sa-kai suka haɗa masa

Wata bakwai ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta hana hannun Baba na dama damƙa. Kafaɗa da gwiwar hannu suna motsi, yatsun ne suka ƙi. Babu abin da ke ci masa rai kamar a ba shi abinci a baki. Likitar da ke masa gashi ce ta haɗa mu da wasu 'yan sa-kai su uku: tela, kafinta, da wani ɗalibi mai na'urar 3D, wadda ke buga kaya da roba. Kuɗin kayan aiki kawai muka biya.

Ranar farko ba su ƙera komai ba. Zama suka yi suna kallon yadda yake ɗaga hannu, suka auna tafinsa, likitar tana nuna musu inda bai kamata a matse ba. Na so in riƙa amsa tambayoyin a madadinsa, sai telar ta ce, "Baba, ku da bakinku za ku faɗa mana." Na ja bakina na yi shiru.

Abin da ya fi burge ni shi ne mafi sauƙinsu: ɗamara mai Velcro (maɗaurin nan mai mannewa, irin na takalmin yara) da ke zagaye tafin hannu, da ɗan aljihu da ake zura cokali ko burushin haƙori ko biro. Sau uku aka sake ta. Ta farko ta bar masa jan shati a bayan hannu, ta biyu cokalin na juyawa. A ta uku aka sa soso a ciki, kafintan kuma ya ɗan lanƙwasa wuyan cokalin don kada sai Baba ya murɗa wuyan hannu. Yanzu shi yake cin abincinsa, a hankali, yana zubarwa kaɗan, kuma ba ya son a kalle shi.

Mariƙin kofin da aka buga da 3D kuwa bai yi ƙarko ba. Da robar PLA aka yi shi, ita kuma tana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Celsius. Babu wanda ya gaya mana. Wanki ɗaya da tafasasshen ruwa, ya karkace. Ɗalibin bai yi musu ba, ya sake bugo wani da robar PETG, wadda ta fi jure zafi, amma sai da muka jira mako uku saboda jarrabawarsa. Matsalar aikin sa-kai ke nan, ba ka da bakin matsa wa mutum.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ba sa samun kayan taimaka wa masu lalurar jiki da suke buƙata, don haka wannan jiran bai sa na rage musu maki sosai ba. Huɗu cikin biyar. Ƙugiyar sa maɓallin riga da suka haɗa masa ce dai har yau tana cikin durowa, Baba ya ce waya ce kawai da katako, ba zai taɓa ta ba sai an shafa mata fenti.