Aikin kunnen Hadiza, da maganar Sani

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara.

An yi wa Hadiza aikin kunne, alhamdulillahi ta ji sauƙi. Ruwan nan mai wari da ta daɗe tana fama da shi, ashe wata fata ce ta taru a bayan dodon kunne tana cin ƙashi. Likita ya kankare ƙashin bayan kunnen ya kwashe ta, abin da ya bar kogo a ciki. Shi ya sa ya faɗaɗa ƙofar kunnen: ya tsaga fatar bakin ramin, ya yanke ɗan guringuntsi, ya lanƙwasa fatar ciki ya ɗinke, sannan ya cusa wani siririn ƙyalle mai ruwan ɗorawa, mai warin aidin, wanda aka zare daga baya. Ƙofar ta fi ta ɗayan kunnen faɗi, da farko har ta damu, amma ɗankwali yana rufewa. Amfaninta iska ta shiga kogon ya bushe, likita kuma ya ga ko'ina in zai share. An hana ruwa shiga, don haka in za ta yi wanka sai ta toshe da auduga mai basilin, alwala kuwa shafa ta waje kawai.

Ba mu biya ko sisi a asibiti ba, sai dai kada ka ce kyauta ne. Yawancin masu biza a nan Ingila suna biyan fam 1,035 kuɗin lafiya duk shekara, farashin da aka sa a 2024. Ga jira kuma: ƙa'ida mako 18 ce, amma sau da yawa ana zarce ta. Magani irin na kashe ƙwayoyin cuta galibi ba ka samunsa sai da takardar likita, ba kamar gida ba da za ka shiga kemis a miƙo maka na ɗigawa. Wannan tsaurin ni ya burge ni.

Abin da suka fi mu shi ne bibiya. Su ke aiko da takardar ranar dawowa, a kwantar da ita a zuƙe dattin da ɗan bututu ƙarƙashin madubi. Hannun aiki kuwa muna da shi, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Malam Aminu Kano.

Don Allah Yaya, a daina ɗiga wa Sani mai da maganin kemis. Kunnen da ya yi watanni yana zuba yana wari, ciwon na iya kaiwa ga jijiyar fuska ko ƙwaƙwalwa. Ku kai shi Kaduna, zan turo kuɗin mota da na kati ranar Juma'a in sha Allah.