Kwamfutar da za ta ɗauki wata kwamfuta a cikinta: me za ka duba kafin ka biya?

Idan kana koyon tsaron intanet kana so ka kunna Kali Linux, tsarin aikin kwamfuta na masu gwajin tsaro, a cikin Windows, ko kana gwada manhajojin Android, ko aikinka da Docker ne, wato manhajar da ke kunna wasu manhajoji a keɓe, to dole furosesarka ta iya raba kanta ta riƙe wata kwamfutar kwaikwayo a cikinta. Intel na kiran wannan fasaha VT-x, tun 2005 take; AMD ta fito da tata, AMD-V, a 2006. Ke nan yau da wuya ka sayi sabuwar Core i5 ko Ryzen 5 ka tarar babu ita. Kada mai shago ya ɗora maka kuɗi a kanta kamar wani abin a zo a gani.

Abin da ya fi faruwa shi ne a tarar an kashe ta a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Tun kana shagon, danna Ctrl, Shift da Esc, ka shiga Performance, ka duba CPU. In ka ga Enabled a gaban Virtualization, wato sunan fasahar da Turanci, shi ke nan. In ba haka ba, a kunna ta a BIOS a gabanka. A wasu injinan AMD sunanta SVM Mode.

Tsakanin Intel da AMD ba zan ɓata maka lokaci ba, duk wadda ta fi sauƙi ka ɗauka. Inda ake yin kuka shi ne RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Windows 11 kaɗai tana neman aƙalla 4GB, kuma kowace kwamfutar kwaikwayo sai ta yanki nata kason. Mai 8GB za ta ɗauki guda ɗaya tana nishi. A ganina 16GB ce mafari, kuma gara Ryzen 5 mai 16GB da Core i7 mai 8GB, duk da dai lambar i7 ce ke burge abokai. Ka tambaya ko ana iya ƙara RAM ɗin daga baya, domin siraran kwamfutoci da yawa an narka musu shi a jikin babban allon da ke cikin injin, ba ya ciruwa. SSD kuwa, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, dole ne a same ta, ba abin ciniki ba ne.

MacBook mai M1 zuwa sama, da masu Snapdragon X, batirinsu na jimre wa rashin wuta, amma furosesarsu tsarin ARM ce, wanda ya bambanta da na Intel da AMD. Idan fayilolin da malaminku ya raba an gina su ne don Intel, sai dai a kwaikwaye su a hankali, tafiyar hawainiya.

A manhajojin kunna kwamfutar kwaikwayo, Hyper-V sai Windows Pro, amma VirtualBox kyauta ce, WSL2 mai kunna Linux a cikin Windows ma na aiki a kan Windows Home.

In kuwa kuɗin sabuwa ya gagara ka koma tokumbo, ka sa a buɗe maka BIOS ɗin kafin ka miƙa ko sisi. Tsofaffin injinan ofis kan zo da makulli a kansa, wanda ya san kalmar sirrin kuma yana can wata ƙasa.