Farfesun kurege a wata rumfa ta hanyar Wudil

Jama'a wallahi tun ina yaro muna bin yayyenmu farauta bayan an gama girbi rabona da naman kurege, sai Juma'ar nan da muka taso daga kasuwar Wudil abokina ya ce mu tsaya wajen wani dattijo mai rumfar zana a bakin titi, wai mafarauta ne ke kawo masa naman daji. Zomo ya ƙare, kurege biyar suka rage.

Abin da na fara tambaya shi ne yanka, na ce Baba an yanka kuwa? Ya nuna min wuyan, ya ce shi wanda kare ya kashe ko ya mutu a tarko ba ya karɓa ko kyauta ne. Nan hankalina ya kwanta gaskiya.

Mun ce a yi mana kala biyu, gashi da farfesu. A gabanmu ya babbake su ya kankare gashin tas ya fitar da kayan ciki ya wanke, wutsiyar nan mai bujubuju ya jefar. Gasasshen dai ba laifi, yajin ƙuli ya ji, amma kurege dabba ce da kullum cikin gudu da tonon rami take, ba ta da kitse, so wuta na taɓa naman sai ya bushe ya yi tauri kana ja yana ja. Ban ba kowa shawarar gashin ba.

Farfesun kam shi ne magana! Ya fi awa ɗaya kan wuta, muna zaune kan benci har mun fara ƙosawa, amma da aka sauke sai ƙamshin daddawa da citta da kimba da masoro ya cika rumfar, attaruhu daidai ba mai sa hawaye ba, naman ya yi luguf yana saɓulewa daga ƙashi, ɗanɗanonsa ya ɗan yi kama da na zomo sai dai ya fi zaƙi a bakina, ƙila don gyaɗar mutane da yake tonewa a gona ne. Cinyoyin baya nan naman yake, sauran duk ƙananan ƙasusuwa ne sai ka bi a hankali, kar a ba ƙaramin yaro shi kaɗai. Kurege ɗaya ba zai ƙosar da babba ba, gurasa muka saya muka dinga dangwala romon.

Inda ban ji daɗi ba shi ne ruwan wanke hannu, roba ɗaya kowa ke tsoma hannu kuma babu sabulu. Na faɗa masa, don wajen da ake fiɗar naman daji ga zazzaɓin Lassa da ake fama da shi duk rani, tsafta ba abin wasa ba ce. Ya ce in sha Allahu zai sa buta.

In za ku je ku je kafin la'asar, kuma ku ce farfesu tun kuna sauka daga mota don a ɗora da wuri.