Sharhi a kan Fuse.js bayan wata takwas ina amfani da shi a manhajar shagon atamfa

Kawuna yana da shagon atamfa da shadda a kasuwar Sabon Gari, nan Zariya, kuma tun tasowata na san littafin kaya da littafin bashi su ne abin da ya fi tsarewa a shagon. Bara da damina ruwa ya shiga ta rufi ya jiƙa ɗaya daga cikin littattafan, sai ya kira ni ya ce in yi masa manhajar waya wadda yaran shago za su riƙa duba kaya da sunayen masu bashi a cikinta. Na rubuta ta da React Native, wato tsarin da Facebook ya fitar a 2015 don a riƙa gina manhajar waya da harshen JavaScript. Wannan sharhi kuwa a kan abu ɗaya ne kawai daga cikin kayan aikin da na ɗauka, wato laburaren bincike mai suna Fuse.js (laburare a nan tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka ɗauka ka haɗa da manhajarka), wanda yanzu ya yi wata takwas yana aiki a hannun mutanen da ba ruwansu da yadda aka gina shi.

Ga wanda bai saba da wannan aiki ba, kowane kaya a cikin manhajar bayani ne guda mai gurabe da yawa: suna, iri, launi, farashin yadi ko na turmi, da adadin da ya rage. Waɗannan bayanai ana jera su ne ɗaya bayan ɗaya cikin dogon jeri, kuma a shagon kawu jerin kaya ya kusa 3,000, na abokan ciniki kuma ya haura 600. Duk lokacin da yaro ya rubuta kalma a akwatin nema, aikin manhaja shi ne ta bi jerin nan ta tace shi, ta fito da abin da ya dace kawai.

Da farko na yi tacewar ta hanyar da kowa ke fara koya, wato umarnin filter haɗe da includes, wanda ke duba ko haruffan da aka rubuta suna cikin sunan kaya daidai da yadda aka rubuta su. A kwamfutata komai ya tafi lafiya, domin ni na shigar da bayanan kuma ni nake nemansu. Kwana biyu da kai manhajar shago, kawu ya kira ni ya ce, “Ɗana, wannan abin naka ya ce babu shuɗiyar shadda, alhali ga ta nan jibge a gabana.” Da na je na duba, sai na ga yaron ya rubuta shudiya da d maras ƙugiya, ni kuma na shigar da ita da ɗ, kuma a wurin na'ura waɗannan haruffa biyu ba su da wata dangantaka. Haka abin yake idan yatsa ya zame aka rubuta atanfa a maimakon atamfa, wanda kuwa yana faruwa sau da yawa ga mai rubutu da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana warware yadi.

Wannan ne ya kai ni ga Fuse.js, wanda aikinsa shi ne neman abin da ya yi kama da abin da aka rubuta, ko da bai zo daidai harafi da harafi ba. Kyauta ne, ƙarami ne, bai dogara da wani laburare ba, kuma dukkan binciken a cikin wayar yake faruwa, ba sai an aika tambaya ta intanet ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci a wurinmu, domin a cikin layukan kasuwa sabis yakan zo ya tafi, kuma mai saye ba zai tsaya yana jiran waya ta gama juyi ba alhali shago na gaba yana kiransa. Haɗa shi da manhaja bai ɗauke ni awa guda ba: ka ba shi jerin, ka faɗa masa guraben da zai duba, kuma kana iya ba kowane gurbi nauyinsa, ta yadda dacewa a sunan kaya za ta fi dacewa a ƙarin bayani daraja. Kowane sakamako yana da maki tsakanin 0 da 1, inda 0 ke nufin dacewa cikakkiya, kuma yana jera su daga mafi kusa zuwa mafi nisa.

Abin da duk mai shirin amfani da shi ya kamata ya fahimta tun ranar farko shi ne saitin da ake kira threshold, wanda shi ke auna iyakar sassaucin binciken. Yana zuwa a kan 0.6, kuma wannan sassauci ya yi yawa ga gajerun kalmomi irin namu. Lissafin a sauƙaƙe shi ne a raba adadin haruffan da suka saɓa da tsawon kalmar da aka rubuta. Kalmar fari tana da haruffa huɗu, kuma bambancinta da baƙi haruffa biyu ne kawai, wato 0.5, wanda bai kai 0.6 ba, saboda haka wanda ya nemi farin yadi zai ga baƙin yadi ya biyo baya a cikin sakamako. A shagon da launi shi ne rabin ciniki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sauko da saitin zuwa 0.3, inda kalma mai haruffa huɗu ke samun afuwar kuskure ɗaya tak, mai haruffa biyu kamar ja kuma ba ta samun ko ɗaya, kuma a nan na tsaya har yau.

Akwai kuma batun wurin da kalma ta faɗo a cikin rubutu. A yadda yake zuwa, laburaren yana sa ran samun kalmar kusa da farkon gurbi, yana ƙara mata maki gwargwadon nisanta, har idan ta wuce harafi na 60 ya daina ganinta. Masu shi sun bayyana haka a takardun bayaninsa, amma mutum ba ya gane nauyin maganar sai ya sauko da sassaucin, domin a kan 0.3 tazarar tana komawa haruffa 30. Kunna saitin ignoreLocation ya kawar da wannan gaba ɗaya.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne haruffanmu masu ƙugiya, kuma a nan ne nake ganin duk mai rubuta manhaja don Hausawa ya kamata ya tsaya da kyau. Gaskiya ne cewa da sassaucin 0.3 binciken baki yana kawo baƙi, amma yana kawo shi ne a matsayin kuskure da aka yafe, wato afuwar nan guda ɗaya ta ƙare a kan ƙugiya, idan yatsa ya sake zamewa a wani harafi kuma sakamako ya ɓace. Dabarar da aka saba yi wa Faransanci, wato a warware harafi a cire alamar da ke kansa, ba ta aiki a Hausa, domin a tsarin Unicode, wanda da shi na'ura ke gane haruffa, é tana rabuwa zuwa e da alamarta, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu harafi ne mai zaman kansa da ba ya rabuwa. Dole na rubuta ɗan umarni na kaina wanda ke mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, ya kuma cire alamar ɗauri ta kalmomi irin 'yar da 'yan, wadda wata waya ke rubuta ta a miƙe, wata kuma a lanƙwashe. Kowane kaya yanzu yana da gurbi na ɓoye mai ɗauke da wannan sassauƙan rubutu, a cikinsa ake bincike, amma abin da ke fitowa a fuskar waya rubutun Hausa ne daidai da ƙa'ida. Ban yarda in lalata rubutun da mutane ke gani don in sauƙaƙa wa na'ura aiki ba, ko da yake hakan ne zai fi sauri.

Sunayen mutane kuma wani babi ne. Fuse.js yana haɗa Yusuf da Yusufu, yana haɗa Muhammad da Muhammadu ba tare da wahala ba, amma babu lissafin haruffa da zai gaya masa cewa Garba da Habu duk Abubakar ne, ko cewa Mamman Muhammadu ne. Bugu da ƙari, a kasuwa mutum an fi saninsa da laƙabinsa ko unguwarsa, a ce tela na Tudun Wada, ko Hajiya ta Samaru, ko mai ɗinki na Ƙofar Doka. Sai na ƙara gurbin laƙabi da na unguwa a bayanin kowane abokin ciniki, na kuma cire Alhaji da Hajiya da Malam daga rubutun da ake bincikawa, tun da kusan rabin jerin da su yake farawa. Daga nan ne babban yaron shagon ya ce mini, “Malam, yanzu kam tana gane mutane.” Wannan yabo na laburaren ne rabi, rabi kuma na zaman da na yi da kawu muna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini wane ne wane.

Tsarin kalmomi ma ya buƙaci kulawa, domin wani yaro zai rubuta baƙar shadda, wani kuma shadda baƙa, alhali laburaren yana ɗaukar duk abin da aka rubuta a matsayin zare ɗaya. Yana da wani yanayi na faɗaɗɗen bincike wanda idan an kunna shi yake ɗaukar kowace kalma daban, ya nemi bayanin da ya ƙunshi dukkansu, kuma wannan ya wadatar da mu.

Game da sauri, hukuncina ya rabu biyu. Wayoyin yaran shago ƙanana ne masu ƙwaƙwalwar giga biyu, kuma a React Native binciken yana gudana ne a kan layi ɗaya da sauran aikin JavaScript, saboda haka idan ya yi nauyi jerin da ke fuska yakan tsaya cak na ɗan lokaci. Bincike mai sassauci ya fi na includes nauyi nesa ba kusa ba, domin yana gwada kowane bayani da kurakurai daban-daban. Abubuwa uku suka daidaita mini shi. Na daina gina fihirisar binciken a duk lokacin da fuska ta sabunta, na riƙe ta da useMemo, wato umarnin da ke ajiye abin da aka riga aka lissafa, har sai jerin kaya ya canza. Na sa manhaja ta jira kashi uku cikin goma na daƙiƙa bayan harafin ƙarshe kafin ta fara nema, maimakon ta nema a kan kowane harafi. Sannan na taƙaita sakamako zuwa 30, tun da babu mai gangarawa ƙasa da haka yana tsaye gaban mai saye. Gwajin gaske ya zo ne a goman ƙarshe na azumi, lokacin da shagon ke cika da masu neman kayan Sallah da teloli masu gaggawa, kuma a waɗannan kwanaki ban samu kiran ƙorafi ko ɗaya a kan bincike ba.

Akwai wuraren da na hana shi shiga gaba ɗaya. Farashi, adadin kaya, lambar rasit da lambar waya duk da tacewa ta daidai-wa-daida nake nemansu, domin a lamba kama ba ta da amfani: rasit mai lamba 1425 da mai lamba 1426 na mutum biyu ne daban, kuma idan aka rubuta biyan bashi a kan wanda ba shi ba, abin da zai biyo baya rigima ce tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna mutunci. Haka ma iri da launi na mayar da su maɓallan zaɓi a saman fuska, ta yadda yaro zai taɓa leshi ko shadda, manhaja ta tace jerin da filter tukuna, sannan Fuse.js ya yi aikinsa a kan ɗan abin da ya rage.

Ga mai jeri na 'yan dubbai, kamar kantin magani ko shagon littattafai ko rajistar ɗaliban Islamiyya, ina ba da shawarar Fuse.js ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya sauko da sassaucin kuma ya gyara batun ƙugiya da hannunsa. Wanda bayanansa suka kai dubun dubata kuwa, riƙe su duka a ƙwaƙwalwar ƙaramar waya ba zai yi masa daɗi ba, gara ya ajiye su a rumbun adana bayanai na SQLite ya yi amfani da tsarinsa na binciken rubutu mai suna FTS5, ko da yake wannan ba ya yafe kuskuren yatsa kamar yadda Fuse.js ke yi. Kawu yana maganar buɗe shago na biyu a Samaru bayan babbar Sallah, kuma idan aka haɗa jerin shagunan biyu zan sake auna saurin a kan mafi ƙanƙantar wayar da ke hannun yaran kafin in yanke shawarar ko zan ci gaba da shi.